Rasuwar Kwalbar Zobe ta Malama Kuramochi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma fushi ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, Malama Kuramochi Yoriko, malamar fiziks a babbar sakandaren gwamnati da ke kan tudu bayan tashar jirgi, tana sanar da 'yan uwa malamai, da tsofaffin ɗalibai na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa zama cikin duhun ɗakin gwaji na hawa na uku, cewa Kwalbar Zobe ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ta wuce, bayan cin abincin rana, a gaban baƙi. Marigayiyar ta bar duniya tana da shekara arba'in da ɗoriya.

Takardar da ofis ya liƙa a allon ɗakin malamai ta ce tsufa ne ya ɗauke ta, bayan doguwar hidima. Malama na roƙon jama'a su karanta wannan takarda, su yaba da tsarin rubutunta, sannan su sani cewa ƙarya ce tsagwaronta. Marigayiyar ba ta yi jinya ba, ko ta yini ɗaya. Da safiyar ranar lafiyarta lau. Kashe ta aka yi da yatsu biyu, kuma mai yatsun yana nan da ransa da lafiyarsa, kullum yana shigowa aiki da farar riga a goge da silifas ɗinsa na fata.

Saboda waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba: kwalba ce ta gilashi, zagayayya, girman kankana, an zuƙe iskar cikinta an bar ɗan burbushi na wata iska marar nauyi. Tana zaune tsakanin manyan gammo biyu na wayar tagulla, cikin akwatin katako da aka shafe da baƙin fenti. Can ƙasan cikinta akwai wani siririn zaren ƙarfe, kuma wannan zaren shi ne ranta. In aka ɗumama shi ya yi ja, sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, waɗanda littafi ke kira ilektiron. Sai a fizge su da wuta mai ƙarfi su fito a guje ta wani ɗan rami, gammon tagullar nan kuma su lanƙwasa musu hanya. Abin da ido ke gani shi ne zobe guda na haske, shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, tsaye a tsakiyar kwalba babu abin da ke riƙe da shi.

Marigayi Malam Shiota ne ya kawo ta makarantar nan. A shekarar da ta biyo baya, wata yarinya 'yar manoman shinkafa ta zauna a kujerar gaba ta ajinsa, ba don ƙwazo ba, sai don risho mai ɗumama ɗaki a gaba yake. An riga an gama magana a gidansu cewa tana gama sakandare za ta kama aiki a kantar ofishin ƙungiyar manoma, ita ma ba ta ga laifin hakan ba. Malam Shiota ya ja labule, ya kashe fitilu, ya ce kowa ya yi shiru ya jira. Da zoben ya bayyana sai ya miƙa wa yarinyar guntun maganaɗisu ya ce ta matsa da shi kusa da gilashi. Zoben ya karkace ya biyo hannunta. Ta ja baya, ya miƙe. Ta sake matsawa, ya sake biyo ta. Da ta koma gida ta gaya wa mahaifinta cewa jami'a za ta tafi. Ya ajiye tsinken cin abincinsa ya tashi, bai sake yi mata wata doguwar magana ba sai da aka fara dashen shinkafa. Wannan yarinya ita ce Malama Kuramochi, don haka kada kowa ya zo mata da zancen cewa ai gilashi ne kawai.

Canjin wurin aiki da ake yi wa malamai a watan Afrilu ya yi ta yawo da ita bayan ta zama malama: makarantar bakin teku, makarantar cikin duwatsu, makarantar yamma ta masu aiki da rana. Amma duk watan Fabrairu sai ta ratso dusar ƙanƙara da motarta ta zo aron kwalbar, ta naɗe ta cikin bargo, ta ɗaura mata bel a kujerar baya. Sai a ƙarshen aiki aka gaji da nacinta aka dawo da ita makarantar da ta fito, suka zauna ɗaki ɗaya.

Marigayiyar ba ta da yawan magana. Makunni ya ce ƙas, akwatin wutarta ya soma gurnaninsa a hankali, mmmm, kamar tsoho yana tunanin abin da zai ce. In sanyi ya yi yawa, gilashin yakan ce tik sau ɗaya ko biyu yayin da yake ɗumama. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan. Ba ta son gaggawa, kuma ba ta son haske. Sai an rufe labule ruf, idanu sun saba da duhu, sannan take nuna fuskarta.

Kowa ya shaide ta da adalci. Ƙwayoyin da take saki kowace da cajinta daidai da na 'yar uwarta, babu babba babu ƙarama, babu wadda ta riga wata shiga aiki. In Malama ta sa ƙarfin wuta na bolt ɗari biyu da hamsin, kowace ƙwaya rabonta na kuzari ɗaya ne, kuma da wannan rabon take fita da gudun da ya haura kilomita dubu tara a daƙiƙa, wato kafin ka ƙifta ido sosai ta kai tsawon tafiya daga Hokkaido zuwa Okinawa, daga wannan ƙarshen ƙasar zuwa wancan. An kuma shaide ta da cin kaɗan. A kowace daƙiƙa ƙwayoyi biliyan shida sau miliyan ne ke ratsa zoben nan, adadin da yara ke rubutawa har sifili ya ƙare musu layi, amma in ka tara cajinsu duka bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, wato ma'aunin kwararar wuta. Malama takan sa ɗalibai su ninka wannan kwararar da bolt ɗin, su gani da lissafin hannunsu cewa duk wannan gudu da wannan yawa rubu'in wat ɗaya ne kacal. Abin da ke ɗumama mazaunin masai na ofishin shugaban makaranta ya ninka shi fiye da sau ɗari, kuma ba a taɓa jin ya mayar da kowa masanin kimiyya ba.

Fiye da komai, ba ta san fadanci ba. Ka ƙara mata bolt, ƙwayoyin su ƙara gudu, zobe ya buɗe. Ka ƙara wa gammo wuta, zobe ya tsuke. Haka ta yi wa na ɗaya a aji, haka ta yi wa na kashin baya, haka ta yi ranar da sufeto ya zo. Ba ta taɓa ƙara haske don wani babba ya shigo ɗaki ba. Sharaɗinta ɗaya ne tak a duniya. Akwatin wutarta yana da maɓallan murɗawa uku: na tsakiya da na dama a yi wasa da su yadda aka ga dama, amma na hagu, wanda ke ɗumama zaren nan, an tsayar da shi a bolt shida da ɗan ɗigo, ba a ƙarawa. Malam Shiota ya liƙa masa jan tef, Malama kuma tana sabunta tef ɗin duk shekara.

Sau ɗaya marigayiyar take fitowa a shekara, a makonnin ƙarshe kafin hutun Maris, kuma 'yan aji biyu kaɗai take fitowa. Malama ta yi imani cewa yaro sai ya wahala da lissafin caji da kwarara da kuzari wata da watanni, har ya fara zargin cewa duk tatsuniya ce ta masu shirya jarrabawa, sannan a ja labule a nuna masa. Bana ma haka ta tsara. 'Yan ajin bana sun ji labari daga bakin yayyensu, sun yi ta roƙo tun kaka, tana ce musu su yi haƙuri. Har ta hana su neman hotonsa a waya, kuma abin mamaki yawancinsu sun ji magana. Bana kuwa ba kamar kowace shekara ba ce, domin ƙarshen Maris Malama za ta ajiye alli. Darasin zobe na bana shi ne na ƙarshe a rayuwarta, saura mako uku a yi shi.

Sai ga Mataimakin shugaban makaranta, Malam Ebisawa, wanda tarihi ya koyar kafin a ɗaga shi, ya zo da shawara. Baƙi za su zo daga hukumar ilimi su ga sababbin allunan kwamfuta da aka raba wa ɗalibai, kuma za a ɗauki hoto don ƙasidar tallar makaranta. Shi a ganinsa zai yi kyau a ajiye sabon allo kusa da tsohuwar kwalba tana ci, a rubuta a ƙasa cewa makarantarmu ta haɗa jiya da gobe. Malama ta ja numfashi ta ce abin zai yi wuya, wanda duk ɗan ƙasar nan ya san ma'anarsa a'a. Ya yi kamar bai ji ba. Ta ajiye kunya ta ce masa a'a a fili. Ya yi murmushi ya ce ai shugaba ya riga ya faɗa wa baƙin, yanzu janyewa zubar da mutuncin makaranta ne. Da haka aka tashi marigayiyar daga barci kafin lokacinta.

Ranar Alhamis ɗin Malama ta kunna ta da hannunta, ta jira zoben ya tsaya, ta ƙudurta ba za ta ɗaga daga gefenta ba har baƙi su tafi. Ashe matar da ke aikin ofis mura ta kwantar da ita, babu mai dafa shayin baƙi. Mataimaki ya aika aka kira Malama ɗakin malamai. Maza sun fi goma a ɗakin nan, wasu ma ita ta koyar da su suna da majina a hanci, kowa da hannuwa biyu lafiyayyu. Idon Mataimaki ya zagaye su ɗaya bayan ɗaya bai tsaya a kan kowa ba, ya zo ya sauka a kan macen da ta girme su duka a aiki. Ya ce ai shayin Malama ya fi na kowa daɗi, kuma za a kai wa baƙin can sama don kada a ɓata musu lokaci. Ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta dace da shi, sai aka ji baƙi sun iso suna cire takalma a ƙofar shiga.

Ta hau sama da sauri ta sami Malam Nukui, ƙaramin malamin fiziks, wanda shekararsa biyu ke nan yana koyarwa, kuma takardar sabunta aikinsa ta shekara-shekara ta teburin Mataimaki take bi. Yaron kirki ne, ya san aikinsa, ya san abin da jan tef yake nufi. Ta ce masa kowa ya kalla, amma kada kowa ya taɓa, ko wane ne. Ya rusuna ya ce ta kwantar da hankalinta.

Abin da ya biyo baya Malama ba ta gani ba, tana can tana auna zafin ruwa. Amma ta ji shi daga bakin mutum uku, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Mai ɗaukar hoto ya ce ba ya ganin fuskokin manya, a ɗan buɗe labule. Aka buɗe. Zoben ya dushe, kamar yadda duk wanda ya san ta zai gaya maka. Mataimaki ya ce ai wannan ba matsala ba ce, ƙara mata wuta za a yi. Ya sunkuya ya dubi maɓallan uku, ya yi amfani da basirar da ta kai shi matsayinsa, ya yanke cewa wanda aka yi wa alama shi ne mai muhimmanci. Ya kama na hagu.

Malam Nukui ya gani. Ba za a zalunce shi ba, ya gani tun hannun yana hanya, kuma ya yi magana. Ya matso taki ɗaya, ya haɗa hannuwa a gaba, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Yallaɓai Mataimaki, a gafarce ni da katse maka hanzari a gaban manyan baƙi, na kuma san ba hurumina ba ne, ni da ban daɗe da fara aiki ba, mai yiwuwa ma ni ne ban fahimci abin daidai ba, sai dai in ba za a ga rashin kunyata ba, ina ganin kamar wannan maɓallin na hagu..."

Iyakar inda ya kai ke nan. Zoben ya yi wani haske da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi, har ya haska fuskokin da ke wurin. Sai aka ji tsit, ƙarami, kamar an taka ƙwayar shinkafa. Zaren ya tsinke. Biyu daga cikin baƙin suka tafa a hankali, sun zaci ƙarshen nunin ke nan. Akwai wani a cikinsu wanda shi ma fiziks ya koyar shekara da shekaru kafin ya koma ofis, ya san abin da ke faruwa tun daga farko. Shi kuwa silifas ɗin baƙi da aka ba shi ya zuba wa ido. Malama ta lissafa: a ɗakin nan akwai mutum biyu da suka sani, kalma ɗaya ake buƙata, kuma ladabi ya fi zaren tsawon rai.

Daidai nan ta turo ƙofa da tire a hannu. Akwatin wuta yana nan yana gurnaninsa kamar ba abin da ya faru, amma allurar awon kwarara ta kwanta a kan sifili, jan ɗigon zaren nan na ƙasan kwalba kuma babu shi. Ta gane tun daga bakin ƙofa. Mutane suna tambaya ko ta yar da tiren. Ba ta yar ba. Ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya bisa girman muƙami, ta ajiye wa kowa kofinsa da hannu biyu, ta juya zanen kofin ya fuskanci mai shi, babu ɗigon da ya zube. Shekara talatin da bakwai na horo ba wasa ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai har yau, ya fi yatsun Mataimaki, ya fi jawabin Malam Nukui. Babban baƙon ya kurɓa ya ce lalle shayin ya yi daɗi.

Washegari aka kira ta ofishin shugaba. Mataimaki ya zo da kwalin alewar wake daga shagon nan mai tsada na gefen tasha, an naɗe shi da takarda mai kyau. Ya miƙe ya rusuna har ana ganin sanƙonsa, ya daɗe a haka yadda ya kamata. Da ya ɗago ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai da abin da ya faru. Abin da ya faru, ya ce, kamar ruwan sama ne ya sauka. Ya ƙara da cewa kayan nan dama sun tsufa, wa'adinsu ne ya cika, ba ya jin akwai wanda za a ɗora wa laifi. Za a nemi sabuwa a kasafin sabuwar shekara, wato bayan Afrilu, wato bayan Malama ta tattara kayanta, in ma an amince. Kafin nan akwai manhaja a allunan ɗalibai mai nuna zoben nan da launi ya fi na gaske kyau. Sannan ya roƙe ta, don zaman lafiyar makaranta, kada a dami yara da dogon bayani. A ce musu tsufa ne.

Malama ta duba manhajar, don kada a ce ba ta duba ba. Zobe ne mai kyau, ba ya buƙatar labule, ba ya buƙatar jira, yatsa kawai za ka ja ya buɗe ko ya tsuke. Ta ɗauko guntun maganaɗisun Malam Shiota daga aljihu ta matsa da shi kusa da allon a gabansu. Zoben bai motsa ba. Ta mayar da shi aljihu.

Da za a tashi, Mataimaki ya rufe da kalmar da kowa ke rufe ban haƙuri da ita, wadda kuma ba a taɓa jin wani mai tarbiyya ya karɓa ba. Ya ce in akwai wani abu da zai iya yi, ko mene ne, a faɗa masa. A nan ake sa ran Malama ta ce haba, ba komai, ya wuce.

"Ko mene ne, Yallaɓai?" in ji ta.

"Ko mene ne, Malama."

"To ka ajiye mini ranar Laraba ta makon ƙarshe, darasin bayan abinci. Kujera kawai za ka zauna."

Shugaban makaranta, wanda tun da aka fara bai ɗaga ido daga kofinsa ba, ya ji an ambaci kujera kawai, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce madalla, haka ake so, an daidaita. Mataimaki ya sake rusunawa ya ce ya yi alkawari. Da bakinsa ya faɗa, a gaban shugabansa, kuma mu nan mun san maganar da aka yi a haka ba ta janyuwa. Alewar kuwa Malama ta bar ta a teburin ɗakin malamai, mazan nan suka cinye kafin la'asar.

Marigayiyar ta rasu ta bar tagwayen gammo na tagulla, waɗanda suke zaune yanzu suna kallon juna babu abin da za su lanƙwasa. Ta bar akwatin wuta, abokin zamanta tun farko, wanda Malama ba ta zarge shi da komai, domin abin da aka murɗa masa ya bayar. Ta bar allurar awo, da baƙin mayafi, da bargon tafiya, da ragowar jan tef wanda bai tsare komai ba. Ta bar 'ya'ya da jikoki a asibitoci da masana'antu da azuzuwa, har da wata da ke aiki da injin haska masu ciwon daji, wadda ta bugo waya ta yi kuka, ta ce injin nata ma wannan zoben ne ya girma. Ta bar Malam Nukui, wanda bai iya haɗa ido da kowa ba har kwana uku. Malama ba ta yafe masa ba tukuna, amma ta ba shi aiki. Kullum da safe kafin ƙararrawa yana shiga ɗakin gwaji, ya tsaya gaban akwatin, ita kuma ta miƙa hannu wajen maɓallin hagu, shi kuma ya ce "Tsaya!" babu gabatarwa babu neman gafara. Ranar farko da ƙyar aka ji shi. Yanzu masu shara a hawa na biyu suna ji.

Ta kuma bar aji guda na yara da suka yi biyayya, suka jira, suka hana idonsu kallon hoto saboda malamarsu ta ce na gaske yana zuwa. Waɗannan su ne marayun. A cikinsu akwai wanda da zoben ya biyo hannunsa da ya koma gida ya ɓata wa ubansa rai. Malama ba ta san ko wane ne ba, kuma yanzu ba za ta taɓa sani ba. Wannan ne take kwana da shi take tashi da shi, kuma babu kwalin alewar da zai biya.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Laraba ta makon ƙarshe, a darasin bayan abinci, za a fito da gawar a ɗakin gwaji na hawa na uku, a gaban 'yan aji biyu. Za a haɗa wayoyi kamar kullum. Za a ja labule ruf, kuma ba za a buɗe wa kowa ba. Malam Nukui ne zai tsaya a gefen akwati. Za a sa bolt ɗari biyu da hamsin cif, a ba gammo wutarsu, ɗalibai su karanta allura su rubuta kwarara sifili, su ninka, su sami sifili. Malama za ta gaya musu cewa wannan ma fiziks ne: ƙarfin yana nan a tsaye, cikakke, amma tun da babu ƙwaya ɗaya da ta motsa, babu aikin da aka yi. Daga nan za a zauna cikin duhu a kalli kwalbar, tsawon lokacin da aka saba kallon zobe.

An keɓe wa Malam Ebisawa kujerar gaba, ta kusa da risho, wadda Malama ta zauna a kai tana 'yar shekara goma sha shida. An roƙe ta kada ta dami yara da dogon bayani, kuma za ta cika wannan roƙo. Ba za ta ce tsufa ne ba, ba kuma za ta ambaci sunan kowa ba. In wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambayi abin da ya kashe ta, Malama za ta juya kawai ta dubi kujerar gaba, ta jira. Ta iya jira, a wajen marigayiyar ta koya. Shekara biyu tana koyar da ajin nan cewa tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma tana da tabbacin za su tambaya.

Bayan an tashi za a naɗe gawar cikin bargonta a sauka da ita haikalin da ke gindin tudu, inda ake yi wa tsofaffin allurai da almakasai da 'yan tsana addu'ar sallama. Ofis ya so a fitar da ita ranar kwashe sharar da ba ta ƙonuwa. Limamin haikalin ya ce ba a gabansa ba. Shi ma ya zauna a duhun nan shekara talatin da suka wuce, ya faɗi jarrabawar fiziks warwas, amma zoben yana nan a idonsa. Ya ba ta wuri a kan wata kanta, kusa da taga mai labule.

Ana gayyatar tsofaffin ɗalibai su zo da baƙaƙen kaya in suna da su. Ba a buƙatar furanni, ba a karɓar ambulan na kuɗin ta'aziyya, alewar wake kuma kada wanda ya kuskura. Masu zuwa da kyamara su bar ta a mota.

Ba za a ba da shayi ba. Duk wanda ya san zai ji ƙishirwa ya taho da nasa, ko kuma ya tambayi Mataimaki inda buta take.